Kashi Nawa Cikin Nawa? Kira ga Masu Kawo Mana Labarin Kimiyya da Lissafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da muke koyar da lissafi da ƙididdiga, da 'yan uwanmu masu aikin wayar da kai a kan lafiya da noma. Da wuya rana ta fito ta faɗi jaridu da gidajen rediyonmu ba su ɗauko labarin wani bincike ba: sabon rigakafi, hasashen damina, alƙaluman hauhawar farashi, sakamakon gwajin magani. Galibi daga Turanci ake juyo su, a karanta, a wuce, ba wanda zai koma ya tambayi mai sauraro me ya ɗauka. Alhali hanyar kai kimiyya ga jama'a ita kanta fagen bincike ce. An yi shekara 40 ana gwaje-gwaje a kanta, kuma abin da aka gano zai yi wa mai rubuta labari da mai fassara shi amfani tun daga gobe da safe.

A 1985 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a Ingila ta fitar da rahoto a ƙarƙashin jagorancin Walter Bodmer, inda ta nemi masana su fito su riƙa yi wa jama'a bayani. Tunanin da ya yi tashe a lokacin shi ne mutane suna gudun kimiyya ne don ba su san ta ba, in aka cika musu kunne da bayani za su karɓa. Shekara ɗaya bayan haka sai aka yi hatsarin tashar nukiliya ta Chernobyl. Ruwan sama ya sauke sinadarin siziyom mai guba a kan tsaunukan Cumbria da ke arewacin Ingila, inda ake kiwon tumaki. A watan Yuni na 1986 hukuma ta hana sayar da tumakin yankin, masana suka ce abin na mako uku ne. Sun yi lissafinsu a kan ƙasar yumɓu, wadda ke riƙe sinadarin ta hana shi shiga ciyawa, ga shi kuwa ƙasar tsaunukan mai tsami ce, ciyawa ta ci gaba da zuƙo gubar tumaki na ci. Sai a 2012 aka ɗage takunkumin ƙarshe. Da masanan suka zo gwada wani maganin ƙasa, sai suka killace tumaki a ƙananan shingaye. Makiyayan suka gaya musu tunkiyar da ta saba yawo a kan tsauni ramewa take yi in an tsare ta, gwajin zai lalace. Ba a saurare su ba, daga baya aka watsar da gwajin. Brian Wynne, masanin zamantakewa da ya zauna da makiyayan ya yi nazari, ya nuna cewa rashin yardarsu da masana ya samo asali ne daga abin da suka gani da idonsu: an yi musu magana da cikakken tabbaci aka yi kuskure, an raina saninsu, ga kuma tsohon zargi tun gobarar tashar Windscale da ke kusa da su a 1957. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu a nan mun ga irin wannan da jikinmu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, Kano ba ta koma ba sai a Yulin 2004, kuma a tsakanin nan cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Masu bincike irin su Ayodele Jegede, Maryam Yahya da Elisha Renne sun bi diddigin dalilan. Mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara 200 a Kano a 1996 ba, inda 11 suka rasu. Suna kuma yin wata tambaya mai ma'ana: me ya sa ake bin mu gida gida da ɗigon shan inna kyauta, amma in ƙyanda ko zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya magani da kuɗinmu? Wanda maciji ya sara, ko baƙin tsumma ya gani sai ya ja da baya. Abin da ya kawo sauyi shi ne an bar kwamitocin da jama'a suka amince da su suka duba maganin, an samo shi daga Indunusiya, sarakuna sun shigo aikin gadan-gadan a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi daga 2009, an kuma haɗa ɗigon da wasu magungunan da iyaye suke buƙata. A 2016 aka ga kamun ƙarshe na asalin ƙwayar shan inna a Najeriya, a jihar Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita.

Wannan kenan game da yarda. Amma ko an yarda da mai magana, adadin da ya faɗa yana iya ɓacewa a hanya, kuma a nan ne muka fi son editoci su tsaya da mu.

A ɗauki wannan tambaya. Wata cuta tana kama kashi 1 cikin 100 na mata. Na'urar gwaji tana gano kashi 90 cikin 100 na masu cutar, tana kuma yin kuskuren nuna cuta a kashi 9 cikin 100 na masu lafiya. An gwada wata mata, sakamako ya nuna akwai. Mene ne yiwuwar tana da cutar da gaske? Gerd Gigerenzer, masanin halayyar ɗan Adam a Jamus, ya yi wa likitocin mata 160 wannan tambaya a kan gwajin sankarar mama. Kashi 21 cikin 100 ne kawai suka dace, mafi yawa suka ce tsakanin 8 da 9 cikin 10. Yanzu a sake faɗin maganar da kawunan mutane. A tara mata 1,000. Goma daga cikinsu suna da cutar, na'ura za ta kama 9. Saura 990 lafiyarsu ƙalau, amma na'ura za ta yi wa kimanin 89 ƙarya. Waɗanda aka ce musu akwai sun zama 98, masu cutar a cikinsu 9 ne. Wato kusan 1 cikin 10. Bayan an koya wa likitocin nan juya lissafin zuwa wannan siga, kashi 87 cikin 100 suka ba da amsa daidai. Alƙaluman ba su canza ba, likitocin ma su ne dai. Dalilin kuskuren farko shi ne kowane kaso a cikin tambayar yana magana a kan taro daban: na farko a kan dukan mata, na biyu a kan marasa lafiya, na uku a kan masu lafiya, kuma kalmar "kashi" ba ta nuna wannan bambanci. Da aka ƙirga kawuna sai taron ya zama ɗaya, kowa yana ganin inda kowane adadi ya fito. Duk wanda ya taɓa jin an ce gwajin Widal ya nuna masa taifod, ya sha magani mako biyu bai ji sauƙi ba, ya kamata ya san wannan lissafi, domin sakamakon gwaji shi kaɗai ba hukunci ba ne sai an haɗa shi da yawan cutar a wurin da kuma alamomin da ke jikin mutum.

Abin farin ciki shi ne wannan siga ba baƙuwa ba ce a Hausa. Malamin zaure da zai koyar da zakka ba ya cewa kashi 2.5 cikin 100. Cewa yake tumaki 40 a fitar da ɗaya, dami goma na gonar ruwan sama a fitar da ɗaya. A rabon gado kuwa rabi, sulusi, rubu'i, sudusi da sumuni suna bakin tsofaffin da ba su taɓa zama a aji ba. Binciken da Terezinha Nunes da abokan aikinta suka yi a birnin Recife na Brazil, aka buga a 1985, ya nuna yara 'yan talla suna dacewa da kusan duk lissafin da aka yi musu a wurin ciniki, kimanin 98 cikin 100, amma da aka rubuta musu lissafin iri ɗaya a takarda irin ta makaranta sai suka faɗo zuwa 37. Ƙasar da ta haifi Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya yi rubutu a kan lissafin hatimi ya rasu a Alƙahira a 1741, ba ta rasa kan lissafi ba. Suturar da muke sa wa adadi ce take ɓoye shi.

Kuskure na biyu ya fi yawa a kanun labarai. A 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa cin giram 50 na naman da aka sarrafa, irin na gwangwani da makamantansa, a kowace rana yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100. Mai sauraro zai ɗauka mutum 18 cikin 100 za su kamu. Ga abin da ake nufi: a ƙasa kamar Ingila, cikin mutum 100 kimanin 6 ne ke samun wannan cuta a tsawon rayuwarsu, in duka ɗarin suna cin wannan nama kullum, sai su zama kimanin 7. Ƙarin mutum ɗaya ne. Duk lokacin da aka ce haɗari "ya ƙaru da kashi kaza" ko "ya ninka", wajibi ne mai labari ya nemo adadi biyu, nawa ne da, nawa ne yanzu, kuma cikin mutum nawa. In bai samu ba, gara ya cire kason daga kanun labarin.

Haka batun rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 da aka fara bai wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024. A gwajin da aka yi a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya, ingancinsa ya kai kashi 75 cikin 100 a shekarar farko a wuraren da zazzaɓi ke zuwa da damina aka kuma yi allurar gab da ita, ya kai 68 a sauran wuraren. Mun sha jin ana fassara wannan da cewa yara 25 cikin 100 allurar ba za ta yi musu aiki ba. Ma'anarsa dabam ce: kwatanci ne tsakanin yaran da aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. A misali, unguwar da za a samu yara 40 sun kwanta in babu allura, sai a samu kimanin 10 in an yi. Dole a faɗi waɗannan goman a fili, a ce wasu yaran za su yi zazzaɓi duk da allurar, a ce sau huɗu ake yin ta, a ce gidan sauro da maganin damina suna nan daram. In aka ɓoye wannan, ranar da ɗan maƙwabci da aka yi wa allura ya kwanta, uwa za ta ce an yaudare ta, kuma tana da hujja.

Akwai wasu ƙananan tarkuna. Kimihiko Yamagishi ya nuna a 1997 cewa mutane sun fi jin tsoron cutar da aka ce tana kashe 1,286 cikin 10,000 a kan wadda aka ce tana kashe 24.14 cikin 100, ga shi ta biyun ta kusa ninka ta farkon. Kunne adadin farko yake kamawa ya saki na biyu. Maganin wannan shi ne a riƙe taro ɗaya daga farkon labari zuwa ƙarshensa, in an fara da "cikin 1,000" a ƙare da shi. Sai saukar hauhawar farashi, wadda ake karanta wa mutane kamar kaya sun yi sauƙi. In mudun da yake naira 1,000 ya hau da kashi 30 ya zama 1,300. Shekara mai zuwa in hauhawar ta sauka zuwa kashi 20, mudun ya zama 1,560. Gudun ne ya ragu, farashi bai dawo ba, kuma jimla ɗaya ta isa a bayyana haka. Miliyan da biliyan da tiriliyan kuwa a kunne kamar 'yan gida ɗaya suke. Daƙiƙa miliyan ɗaya kwana 11 da rabi ce, daƙiƙa biliyan ɗaya ta kusa shekara 32, tiriliyan ɗaya ta haura shekara 31,000. Gwaje-gwajen da Jake Hofman da Daniel Goldstein suka yi sun nuna ƙara jimla ɗaya ta kwatanci irin wannan yana taimaka wa masu karatu su tuna adadi, su kuma gane in an yi kuskure a cikinsa. Kasafin jiha in an raba shi a kan kowane mutum a shekara, nan take ake ganin girmansa ko ƙanƙantarsa.

Hasashen damina yana buƙatar kulawa ta musamman, don a kansa manomi ke yanke shawarar shuka. A 2005 an tambayi mutane a New York, Amsterdam, Berlin, Milan da Athens me ake nufi da "yiwuwar ruwa gobe kashi 30 cikin 100". Wasu suka ce za a yi ruwa a kashi 30 na yinin, wasu suka ce a kashi 30 na yankin. A New York ne kaɗai mafi yawa suka faɗi abin da masana yanayi ke nufi, wato cikin ranaku 10 masu irin yanayin gobe, ana samun ruwa a 3. Hasashen damina da cibiyar nazarin yanayi da noma ta AGRHYMET a Yamai da hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ke aiki da shi yakan raba yiwuwa gida uku: sama da yadda aka saba, daidai, ko ƙasa. A ce an ba wani yanki 45, 35, 20. Kanun labari sai ya ce "bana za a yi ruwa mai yawa". Fassarar gaskiya ita ce: cikin damina 20 masu irin alamomin bana, 9 sukan zo da ruwa fiye da yadda aka saba, 7 daidai, 4 ƙasa. Ko ba hasashe kowane gida yana da kusan 33, don haka 45 ɗan rinjaye ne kawai. Sannan jimillar ruwan shekara ba ta gaya wa manomi ko za a yi fari na kwana 15 bayan shuka, wanda shi ne ke kashe tsiro. A riƙa tambayar masanan ranar da ake sa ran damina za ta zauna da tsawon tsaikon ruwa, a faɗe su da tazara.

Wasu editoci suna tsoron in aka ce "tsakanin kaza da kaza" mutane za su ce masanan ba su san abin da suke yi ba. An gwada wannan. A 2020 masu bincike na Jami'ar Cambridge, ciki har da David Spiegelhalter, sun yi gwaje-gwaje har da ɗaya a shafin labarai na BBC, suka ga faɗin tazara da lambobi bai rage amincewa da majiyar ba ta wani abin a zo a gani. Abin da ya fi rage ta shi ne maganar da ba adadi, irin "zai iya fi ko ya gaza". David Budescu kuma ya gano cewa kalmar da kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da ita don nufin yiwuwar da ta haura 90 cikin 100, masu karatu da yawa sun ɗauke ta ƙasa da haka nesa, kuma haɗa kalmar da lambarta ya rage saɓanin a ƙasashe 24. Mu ma "wataƙila", "mai yiwuwa" da "ana kyautata zato" kowa da nauyin da yake ba su. A sa lamba a gefensu.

Kalmomin cuta ma suna da nasu rikicin. "Ƙwayar cuta" ta haɗa bakteriya da bairos, alhali maganin da ke kashe ta farko ba ya taɓa ta biyu, shi ya sa mai mura ke shiga kemis ya sayi kafso. "Shawara" tana ɗaukar rawayar idon jariri, da ciwon hanta, da wani zazzaɓin da sauro ke kawowa wanda ba maleriya ba, abubuwa uku masu hanyoyi da magunguna daban. Ba sai an ƙirƙiro sabuwar kalma kullum ba. A ƙara rabin jimla da ke faɗin ta ina cutar ke shiga da abin da ke maganinta.

Inda saƙo ya zama umarni na awo, kuskure yana iya kisa. Ruwan gishiri da sukari na gida ana haɗa shi da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, shafaffen cokalin shayi shida na sukari, da rabin shafaffen cokalin shayi na gishiri. Cokalin shayi mililita 5 yake ɗauka, na cin abinci 15. Uwar da ta ji "cokali" kawai ta ɗauki babba ta zuba gishiri ninki uku, in kuma ta tula shi ya yi tozo abin ya wuce haka, kuma gishiri mai yawa yana ƙara wa yaro mai gudawa haɗari. "Lita" ma ba kowa ya san ta ba, amma kowa ya san ledar fiya wata. Biyu masu santilita 50 su ne lita. Haɗin gishiri da sukari na leda da ake saya a kemis kuwa akwai na lita ɗaya akwai na rabin lita, sai an duba rubutun. Ƙungiyar BRAC a Bangladesh ta koya wa gidaje kimanin miliyan 12 wannan haɗi daga 1980 zuwa 1990, da awon da kowace mace ke da shi a jikinta: gishiri da yatsu uku, mazarƙwaila cikin dunƙulen hannu, ruwa rabin lita. Abin koyi shi ne yadda suka auna aikin. Bayan kamar wata guda sai masu duba aiki su koma wasu gidajen, su yi wa uwa tambayoyi, su ce ta haɗa a gabansu, su ɗebi ruwan a kwalba a kai ɗakin gwaji a auna gishirinsa. Ladan mai koyarwa ya danganta da yadda matan da ta koya wa suka iya. A Nijar ma masu binciken cibiyar noma ta ICRISAT a Sadore sun mayar da kilo 60 na takin NPK a hekta zuwa giram 6 a kowane rami, abin da manomi zai auna da murfin kwalba, tunda ramuka 10,000 ake yi wa hektar gero.

Buhun ajiyar wake na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da masana irin su Ibrahim Baoua na cibiyar binciken noma ta Nijar, INRAN, a Maraɗi tun 2007, da ido aka tallata shi. Ledoji biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Mutanen gari sukan kawo wakensu, a duba ledar ko ta huje, a cika, a matse iska, a murɗe bakin leda ta ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Ƙwaron da ke ciki yana cinye 'yar iskar da ta rage ya daina ci ya mutu. Bayan watanni sai a tara gari a kwance buhun a bainar jama'a, mai wake ya tsoma hannu ya ɗebo, a ajiye shi kusa da na buhun gargajiya da ya koma gari. A wurin ake nuna abin da ke ɓata shi: ɗanyen wake, haɗa ledojin a ɗauri ɗaya, yawan buɗewa, da ɓera. Gani ya kori ji. Rediyo ma an auna shi: a Burkina Faso daga 2012 zuwa 2015 an raba yankunan tashoshi 14 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, bakwai suna watsa saƙon minti ɗaya sau 10 a rana. Kai yara asibiti ya ƙaru da kimanin kashi 35 cikin 100 a shekarar farko, amma binciken bai iya nuna raguwar mace-macen yara ba, kuma masu binciken sun faɗi hakan. Wannan gaskiyar muke so a koya.

Kada a ɗora wa 'yan jarida laifi duka. Petroc Sumner da abokan aikinsa sun duba sanarwar manema labarai 462 daga jami'o'in Birtaniya 20, suka buga sakamakon a 2014. Kashi 33 cikin 100 sun mayar da "yana da alaƙa da" zuwa "yana jawo", kashi 36 sun yi magana kamar a kan mutane aka yi binciken alhali a kan dabbobi ne. Inda sanarwar ta mayar da alaƙa ta zama dalili, 81 cikin 100 na labaran sun maimaita hakan. Inda ba ta yi ba, 18 ne kawai. Mai fassara ya riƙa tambaya: mutane ne ko ɓeraye, su nawa, kuma an raba su gida biyu an gwada ne ko kallo kawai aka yi?

Mafi yawan gwaje-gwajen nan da Turanci da harsunan Turai aka yi su, don haka muna roƙon gidajen jarida da rediyo su riƙa yin nasu, kuma ba shi da tsada. Kafin a saki saƙo mai muhimmanci a samu mutum 10 zuwa 15 irin waɗanda aka yi shi dominsu, ban da ma'aikatan gidan. A raba maza da mata, a sa tsofaffi, a sa waɗanda ba sa karanta boko. A karanta sau ɗaya da saurin da za a karanta a rediyo. Kada a ce "kun gane?", domin kunya da kara za su sa kowa ya ce e. A ce, "Inna, in kin koma gida me za ki gaya wa maƙwabciyarki?" ko "Baba, cikin yara 100 na unguwarku, nawa kake jin za su kwanta?" In awo ne, a ajiye cokula iri uku da kofi da gishiri a ce a haɗa. A rubuta amsoshin yadda aka faɗe su. Shawararmu ita ce in ƙasa da 8 cikin 10 suka dace, a sake rubutu a nemi wasu mutanen daban. In ana shakka tsakanin siga biyu, a raba mutanen da ƙuri'a, kowane rukuni ya ji ɗaya, sannan a koma bayan mako guda a ga abin da ya zauna. Sassan koyon aikin jarida, Hausa da ƙididdiga na jami'o'in Bayero, Ahmadu Bello, Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi a kansa duk shekara. A ba su tambayar ko "kashi 30 cikin 100", "3 cikin 10" ko "kusan sulusi" ya fi zama a kunnen mai sauraro a Dawanau ko a Damagaram, su ƙirga, ku kuma ku buga mana abin da suka samu a wannan shafi.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara basira, ya sa mu dace.

Naku,
Wasu malaman lissafi da ƙididdiga da ma'aikatan wayar da kai,
Zariya da Kano.